Na'urar Da Ba Ka Ɗora Wa Rabi A Ƙirji Ba

Zuwa ga jami'in da ke kula da ƙaramin asibitin garinmu, a ƙasar Roni.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ka yi haƙuri da na dame ka. Ni ba mai yawan magana ba ce, iyakar karatuna allo, kuma ina tsoron ƙazafi. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa. Ni ce mahaifiyar Rabi, mai jegon da ta rasu.

Na ɗaya. Sau uku na kawo maka ita, ƙafafu a kumbure, ba ta iya kwanciya sai a jingine saboda haki. Ka ce sanyi ne. Da maganarka na koma na ƙara wa ruwan wankanta zafi, na ƙara wa kununta kanwa. Wannan da hannuna na yi, ina ta istigifari.

Na biyu. A zuwa na uku ka sa mata ƙarin ruwa, har na yi maka godiya.

Na uku. Da muka kai ta Kazaure, likita ya shafa mata mai a ƙirji, ya ɗora wata 'yar na'ura mai haɗe da waya. Kafin in gyara mayafina ya ga zuciyar ta buɗe, ta gaza, ruwa ya taru a huhu. Ya tambaye ni wa ya ƙara mata ruwa. Na rufa maka asiri.

Na huɗu. Ashe an ba asibitinmu irin na'urar nan, an kuma koya maka duba zuciya da ita. Ranar kasuwa na gan ta a shagonka na magani, kana gaya wa masu ciki namiji ne ko mace.

Ajali na Allah ne, na sani. Sakaci kuwa da mai shi. Ka zo ta'aziyya ka ce a yafi juna, na yi shiru, ka ɗauka kunya ce. To, ban yafe ba. Kowace sujada da sunanka nake yi. Duk gidan sunan da na shiga sai mata sun ji labarin nan, ba ƙari, ba ragi.

Ƙanwar Rabi ta haihu makon jiya, ƙafarta ta soma kumbura. Ka mayar da na'urar can asibiti, ka duba yarinyar da ita a gabana.

Allah ya ba ka tsawon rai da lafiyar zuciya, ya tsayar da mu gabansa tare. Don Allah ka ba ni amsa kafin Juma'a.

Wassalam.
Mahaifiyar Rabi.