Talatin ga Safar

Tudun Wada, Zariya

Yaya Zulkiflu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Rahma. Ya jikin Adnan? Mu nan sai godiya, sai dai idon Baba da ke ƙara duhu.

Yaya, na shiga uku. Ka san da ƙyar Baba ya yarda in shigar da littattafan kakanmu Malam Jumare cikin kwamfuta don aikin digirina. Na tsara bayanansu da wani tsarin kwamfuta da ake kira XML, kowane bayani da alamarsa: wannan suna ne, wannan lamba, wannan kwanan wata. Da alamar nan XQuery, yaren kwamfutar da nake bincike da shi, yake gane irin abin da ke hannunsa.

Jiya Baba ya zauna kusa da ni, ya ce in nuna masa tafsirin da Kaka ya kwafa da hannunsa. Sauran littattafan duk suka fito a kwamfutar, tafsirin kaɗai ya ƙi. Baba bai yi faɗa ba, ya ce kawai in mayar da littattafan akwati. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Rauda

Yaya Zulkiflu,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya.

Na gano matsalar! Kaka ya rubuta cewa ya gama kwafin ranar talatin ga Safar. Ni kuwa uwar iyawa, na liƙa wa wannan ranar alamar kwanan watan da yaren ya zo da ita, wadda kalandar Bature kaɗai ta sani. Safar wata na biyu ne, sai ta ɗauke shi Fabrairu, ta ce babu ranar talatin, ta yi watsi da littafin. Ashe sauran kwanakin ma duk a na Bature ta karɓe su ban sani ba. Littafin Kaka ne ya tona asirin.

Na ƙirƙiri alamar Hijira tawa, na roƙi Inna ta lallaso mini Baba. Tafsirin ya fito, na faɗaɗa shafin ƙarshe har ya cika fuskar kwamfutar. Yaya, Baba bai iya karantawa ba, idon ya ƙi. Amma ya ɗora yatsa yana bin layin, ya ce hannun mahaifinsa ne. Ni dai kuka na yi.

Da zai fita masallaci ya miƙa mini makullin akwatin.

A gaida Anti da yara.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Rauda