Tambayar Masaƙiyar Filifin

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, da Inna da su Sa'adiya. Yaya ciwon bayan? Ni lafiya lau nake, ciniki a nan kasuwar tufafi ta Shisanhang ba laifi.

Ranar Asabar na je wani baje kolin sana'o'in hannu. Na tarar da wata tsohuwa Musulma daga ƙasar Filifin, zaune a ƙasa tana saƙa irin ta ƙabilarsu, 'yarta na yi mata tafinta. Ta ce masu wannan saƙa sun kusa ƙarewa, shi ya sa take koyar da matan ƙauyensu.

Da ta ga rigar saƙin da ka yi mini, sai ta kama gefenta, ta daɗe tana shafawa. Ta ce, "Wa ya saƙa?" Na ce mahaifina. Ta ce, "Wa ya koya a wurinsa?" Na ce babu kowa.

Baba, sauran ban iya gaya mata ba. Wata uku da suka wuce na kai rigar nan wata masana'anta, suka buga zanenta a yadi mai arha, ban tambaye ka ba. Kwantenar yadin ta riga ta bar tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ta nufo gida. Kafin Sallah za ka ga yadin a kasuwa, kuma na fi so ka ji daga bakina.

Ka yafe mini. In na dawo, in ka yarda, zan zauna gefen masaƙarka ka fara da ni daga zare.

Allah ya ƙara lafiya.

Ɗanka,
Badamasi