Dattijon da Ya Zaga da Mu Dandali

Ya ke sanyin idanuna, raɓar da ke farfaɗo da busasshen ganye, tauraruwar asubahin da ba ta makara,

Ina gaishe ki kaina a sunkuye. Wannan ce takarda ta huɗu. Ukun farko yayyaga su na yi, don kowacce sai na tarar na sake cusa ƙarya a ciki.

Kin tuna ranar Asabar da muka zaga dandalin tsohon gari? Hasumiyar agogo, igwogin nan biyu da tsatsa ta cinye, tattabarun da suka tashi fuuu har kika cafke hannun rigata kina dariya? Wallahi dariyar nan ta fi ruwan farkon damina daɗi! To kin tuna dattijon da ya yi mana jagora, mai farar riga da guntun sanda, wanda ya nuna miki gurbin harsashi a bangon gidan tarihi?

Masoyiyata, mahaifina ne.

Shekara talatin yana zagawa da baƙi a dandalin nan. Da wannan murya ya ciyar da ni, da ita ya sa ni makaranta, ni kuwa na buɗi baki na ce miki a ofis yake aiki. Na ɗauka ranar hutunsa ce. Da na hango ya nufo mu fuska a sake, sai na kau da kai kamar ban taɓa ganinsa ba. Ya tsaya cak, ya dube ni, ya dube ki, sannan ya kira ni yallaɓai. Yallaɓai! Ni da ya sha ɗorawa a kafaɗa don in hango fuskar agogon nan! Da kika tambaye shi ko yana da 'ya'ya, ya ce ɗaya ne, ya zama babban mutum, ba a tare shi a hanya. Kika ce Allah ya yi wa ɗan albarka. Ina tsaye, da bakina na ce amin. Me ya hana ƙasa ta tsage in shige?

A gida, da aka kawo abinci, sai ya dubi Inna ya ce yarinyar nan 'yar mutunci ce, cikin baƙin ranar ita kaɗai ta tambaye shi ko ƙafa na damunsa. Na mayar da lomar da na ɗauka cikin kwano.

Jiya na durƙusa na roƙi gafararsa. Ya ce tasa mai sauƙi ce, in tashi in nemo taki.

Ga ni a ƙofarki, farin watana. Wace mace ce za ta amince da namijin da ya ji kunyar ubansa? Idan kin juya mini baya, ban ga laifinki ba. Amma idan da sauran gurbina a zuciyarki, ko kamar ƙwayar gero ne, ki zo gidanmu ki gaishe shi a matsayinsa na gaskiya. Inna ba ta jira amsarki ba, tun safe take wanke tabarmin baƙi.

Naki ne ni har numfashin ƙarshe, ko kin amsa ko kin yi shiru,

wanda kike kira Sarkin Surutu, ga shi yau bakinsa ya mutu.