Ɗan Majalisar da Ya Koma Gona

Daren Talata, tsakiyar damina

Hauwa ta dawo hutu daga jami'a da aikin da malamin tarihi ya ba su: rayuwar wani ɗan majalisar Amurka da ya mutu tun kafin Turawa su shigo Haɗeja. Na ce ta fassara mini. Wai an haife shi a ƙauye, ya zama lauya, ya je majalisa sau ɗaya, jam'iyyarsa ba ta sake tsayar da shi ba, ya koma gona, ya mutu, aka binne shi a maƙabarta kaza.

Na ce, "Sai kuma me? Bai yi wa mutanensa komai ba?"

Ta ce, "Baba, iyakar abin da aka rubuta ke nan."

Tuwon ma kasa cinsa na yi. Ni ma sau ɗaya na yi kansila. Abin tinƙahona shi ne hanyar ruwan da ciyawar kacalla ta toshe wajen Kirikasamma. Da kaina na shiga ruwa har ƙirji tare da masunta muka sare ta. Shekaranjiya na bi ta wurin a babur, ciyawa ta rufe shi ruf. Wani mai kwalekwale ya ce mini ai ba a taɓa gyara wurin ba.

Hauwa ta ce mutumin ya ba ta tausayi. Shi ai an san inda yake kwance, har da sunansa a dutse. Mu ko suna ba ma rubutawa, ruwan damina kaɗan kabarin ya baje.