Zoben da Aka Shafe da Kitsen Alade

Daga Lantana, 'yantacciya, mai tuyar ƙosai,
Unguwar Barroquinha, Salvador.
14 ga Janairu, 1868.

Zuwa ga Mai Girma Alƙali
Mai duba al'amuran bakin teku.

GAME DA: Makantar da mijina Idirisu, da ƙazafin da Bento Faria ya yi masa

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ladabi irin wanda ya kamaci kujerarka, ina gabatar da kukana a kan Bento Faria, shugaban aiki a ma'aikatar gyaran jiragen ruwa inda mijina ke aikin inji. Ban iya rubutu ba. Maƙwabcinmu Malam Sulaimanu ne ya riƙe alƙalami, amma maganar tawa ce.

1. A watan Disamba aka damƙa wa mijina tsohon injin tururi na wani ƙaramin jirgi, ya warware shi ya sake haɗawa, domin jirgin ya shiga jerin gwanon bikin sabuwar shekara a kan ruwa. Aiki ya ƙare saura zoben da ake sawa tsakanin silinda da murfinta don kada tururi ya tsere. Na dalma ake sawa a nan. Na fata sai famfon ruwan sanyi, gama zafi dafa fata yake yi. Bento ya san wannan sarai, shi ma da inji ya girma.

2. Zoben dalma bai iso daga maƙera ba, ga biki ya matso. Ranar 30 ga Disamba Bento ya zo da nasa zoben a naɗe cikin ƙyalle, ya labta masa kitsen alade har yana ɗiga, ya ce dalma ce. Ranka ya daɗe, duk ma'aikatar an san Idirisu Musulmi ne, ba ya taɓa wannan abu, kuma an san ba ya ɗaure murfi sai ya matsa zobe da yatsunsa ya ji. Kitsen nan ba don inji aka shafa shi ba, don hannun mijina aka shafa. Idirisu ya ja da baya, Bento ya sa zoben da kansa, ya ɗaure.

3. Da aka hura wuta, mijina ya kanga kunnensa kusa da murfin yana sauraron ko akwai inda ke yoyo, kamar yadda ya saba. Ashe zoben na fata ne, sai ya fashe. Tururi ya kwashe masa fuska da idanu biyu. A lokacin Bento yana can bakin ƙofa, wurin da bai taɓa tsayawa ba in ana gwajin inji.

4. Wannan bai ishe shi ba. Ya tsinke layar da ke wuyan mijina yana kwance, ya kai ta ofis, ya ce ga rubutun Larabci irin na Musulmin da suka yi tawaye a garin nan a 1835, wai da gangan Idirisu ya lalata injin. Yanzu makaho yana tsare, ana maganar a sa shi a jirgi a kore shi daga ƙasa. Umaru mai hura wuta ya tsinci guntun ƙonanniyar fatar, yana wurina, har yau warin kitse bai bar shi ba.

Saboda haka ina roƙo da ƙanƙan da kai a saki mijina, a soke batun kora, a saurari Umaru ko da yake bawa ne. Ina kuma roƙon a kama Bento Faria a sa shi a ɗakin da Idirisu ke kwance, a kan tabarmar, a cikin duhun, ya daɗe har ya manta kamannin rana. Ba zan ɓoye wa Mai Girma ba, na tsani mutumin nan, kuma in an yi masa bulala a dandali zan rufe tuyata in je in tsaya a sahun gaba.

Jiya da nake ba mijina kunu a baki a inda yake tsare, ya gaya mini shi ya bar wa Allah. Shi ya bari. Ni ce mai sauran idanu a gidan, kuma ina so in gani.

Ina mai biyayya da girmamawa,
Lantana matar Idirisu
(alamar babban yatsanta)