Awarwarayen Da Ka Cire Mini

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ke sauka kan gonar shinkafa bayan ƙasa ta tsage. Zuwa ga mutumin da bakina ke jin nauyin kiran sunansa, amma alƙalami ba shi da kunya: Nilanjan.

Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi kogin Ganga cika a tsakiyar damina. Daga barandar masaukin ma'aikatan asibiti nake rubuto maka, a nan garin Malda, da yammacin ranar hutuna. Tukunyar alawar madarar da ka aiko tana gefena, ta kusa ƙarewa, don 'yan ɗakinmu ba su da tausayi. Na san akwai waya. Amma duk sa'ad da na buɗe baki zan gode maka, sai ka jefo wata zolaya ka wargaza mini magana. Takarda kam ba za ka iya katse ta ba.

Ka tuna ranar da aka ce na samu aikin jinya? Ka yi ta rabon alawa kyauta har shagonka ya kusa zama kango, Mama kuma tana bin maƙwabta tana cewa surukarta ta zama rabin likita. Ni ma na yarda da ita, har ranar da na taka ɗakin jarirai. A makaranta 'yar tsanar roba muke yi wa allura. Ba ta kuka, numfashinta ba ya sarƙewa, kuma ba ta da uwar da ke leƙowa ta gilashi. Nan kuwa bakwaini ne kwance a kwalba, hannunsu bai kai kaurin yatsanka ba, jijiyarsu kamar silin gashi. Duk abin da na haddace ya tattara ya gudu, ya bar ni tsaye da farar riga.

Ban gama da wannan ba sai Sista Kakoli, babbar ɗakin, ta dubi hannuna ta ce: "Amarya, biki kika zo ko aiki? A ɗakin nan, daga gwiwar hannu zuwa farce, ba ƙarfe ba zare. Ƙwayar cuta ba ta san aure ba."

Ka san abin da take nema in cire. Farin awarwaro da jan da aka sa mini ranar aurenmu, da na baƙin ƙarfen da Mama ta zura mini da hannunta ranar da na shigo gidanku. Ina ƙarama na ga an kai gwaggona bakin kogi an farfasa nata, tun gawar mijinta ba ta gama ƙonewa ba. Daga ranar na san mace ba ta barin hannunta ba awarwaro sai ta rasa miji. Na yi karatu, ai, na san ba awarwaro ke riƙe da numfashin mutum ba. To amma zuciya ta je makaranta ne? Yaya zan sa hannu in yi da kaina abin da ake yi wa mace ranar da duniyarta ta rushe, kai kuwa kullum kana kan babur tsakanin manyan motoci?

Sai na yi dabarar da amare da yawa suka yi kafin ni. Na tura su can sama, na naɗe da bandeji, na rufe da hannun riga. Ranar wanka ba a ɓoye cibi: ina miƙa hannu cikin kwalba, na ƙarfen ya zamo ya bugi gilashi, ƙwal. Sista ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi kada in ƙara taɓa jariri ko ɗaya, kuma ranar Litinin ko in zo da hannu tas, ko in bar wa wata gurbin, masu jira suna da yawa.

Na kira ka ina kuka, na ce zan dawo gida. Ba ka ce in zauna ba, ba ka ce in dawo ba. Washegari da hantsi sai ga ka a ƙofar masauki, gashi a hargitse saboda iskar jirgin ƙasa, ka rufe shago a ranar Lahadi, ranar da ciniki ya fi. Ka sa aka kawo kwano da ruwa da sabulu. Ka zauna a kan wannan barandar, ka kama hannuna a gaban mutane, abin da ba ka taɓa yi ba, ka ce: "Ran wa ake ji wa tsoro, ba nawa ba? To mai ran ya ce a cire. In na mutu gobe, barkonon miyarki ne, ba wannan ba." Ina dariya ina hawaye, kana murza su a hankali har suka fita ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka dube ni ka ce: "Uwargida, ba awarwaro kaɗai ba ne, ko? 'Yan mitsi-mitsin nan ma suna ba ki tsoro. Ni ma sai da na ƙona madara ta fi a ƙirga kafin hannuna ya faɗa. Ki tsaya kusa da Sistar nan, ki sha faɗanta, ki kalli hannunta."

Da me zan biya ka, haskena? Wane mangwaro ne a gonakin Malda ya kai wannan maganar zaƙi? Ka ɗauki abin da ya fi ƙarfina ka ɗora a kan ranka, ka kuma yi kamar wasa kake. Kuma ka je ka fuskanci Mama kai kaɗai. Ban san me ka gaya mata ba, ka ƙi faɗa. Na dai san 'yar jakar da ta ɗinka da gefen sari, zanen aurenta, ta iso, da saƙo cewa in riƙa sa su ciki in rataya a wuya ƙarƙashin riga, in na tashi aiki in mayar. Ka taɓa mini ƙafarta don girmamawa, ka ce na gode.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata bakwaini da aka kawo daga ƙauye, ba a ko raɗa mata suna ba. Ranar da jijiyarta ta ɓace, Sista ta miƙo mini allurar ƙarin ruwa ta ce in gwada, ta tsaya a kafaɗata. Na farko ya kuskure. Na biyu ya shiga. Sista ba ta ce komai ba sai "To, manne ta," kuma a bakinta wannan kirari ne. Jiya aka sallami yarinyar. Uwarta ta kama hannuna biyu za ta yi godiya, sai ta ga ba komai a jikinsu, hular aiki kuma ta rufe jan garin matan aure da ke tsagar gashina. Idonta ya ciko ta ce: "Wayyo, 'yar uwa, da ƙuruciyarki haka? Yaushe ya rasu?" Na ce mata: "Yana nan da ransa, yana can yana tuƙa madara. Shi ya cire su, don in taɓa 'yarki." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in gaishe ka.

To ga gaisuwarta na isar. Ga kuma roƙona, guda ɗaya tak. Har yau, kowace safiya in na zare su, sai gabana ya faɗi, kuma ba ya kwantawa sai na ji muryarka. Kai ka ce a cire, saboda haka kai za ka cika alkawarin. Ka sa hular kwano ko zafi zai kashe ka. Ka bar tsere da motocin yashi. Ka rayu, rabin raina, ka tsufa har haƙoranka su gagari alawarka, don kada ranar da za a fasa su a bakin kogi ta same ni da rai.

Taka, da awarwaro a hannu ko a wuya, yau da gobe har numfashi na ƙarshe,

Sohini