Kazar Inna da wutar ɗakin haihuwa

Inna,

Gaisuwa mai yawa daga Bronx, Allah ya haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan ba. To, ko da kina raye ma ai ƙanwata Balki ce za ta karanta miki, kina katse ta kina cewa na cika surutu.

Labari na kawo, amma bari in fara da tsokanarki. Kin tuna shekarar da magajin gari ya sa aka yi shela, wai kowa ya zo ofishinsa za a yi "partisipasiyo"? Mu dai a Nijar tun tasowarmu in aka faɗi kalmar nan ta Faransanci, karo-karo ake nufi, a kawo hatsi ko a ɗauki tubali. Rabin gari suka sulale gona. Ke kuwa kika kama kazarki kika tafi, don kada a ce ungozomar gari ta yi rowa. Sai a can aka gaya miki ba kaza ake so ba, bakinki ake so, ku faɗi aikin da za a yi muku da harajin kasuwa. Balki ta ce kin miƙe, kaza na kuka a hammatarki, kika ce a sa wutar sola a ɗakin haihuwa, kin gaji da yanke cibiya da tocila a baki.

Layi ake yi, kowa ya tsaya bayan aikin da yake so. Maza suka cika layin katangar kasuwar dabbobi, naki bai kai ba. Shekara ta zagayo kika sake tashi, aka ba gyaran tasha.

Raina ya ɓaci. Na ce miki aikin kula da tsofaffi nake yi a New York, sola ba ta fi ƙarfina ba, bari in saya in aiko. Kika ƙi. Kika ce in ni Hadiza na saya, ranar da batir ya mutu Hadiza za a zauna jira, kuma hukuma ta koyi cewa mata suna da mai yi musu. Na kashe waya ina cewa taurin kai ne. Wallahi har yau ina ganin da taurin kai a ciki, Inna, amma shi nake kewa. Wa zai ƙara ce mini a'a in ji daɗi daga baya?

Da kika rasu takardu ba su bar ni na zo ba. Ban da wannan ciwon, abin da ya tsaya mini shi ne kada a binne maganar wutar nan tare da ke. Wa zai tashi a taron bana? Balkin da ko a gidan suna ba a jin muryarta?

Ita ɗin ce kuwa. Ta bi gida gida, ta tattaro matan da kika karɓi haihuwarsu. Ranar taron ta miƙe ta faɗi maganar wutar. Da aka zo layi, samarin da kika yanke wa cibiya suka baro layin iyayensu maza suka dawo bayanta. An zaɓa, Inna. Bayan damina aka kafa.

Ranar da aka kunna, Balki ta kira ni ta bidiyo. Can magariba, nan ina kicin ɗin tsohuwar da nake kula da ita a unguwar Parkchester, ina dafa mata abincin rana. Na ga ɗakin fes, kamar ba shi ba. Sai ta juya wayar, na hangi wani baƙi a bango har kusa da rufi, hayaƙin fitilar kananzir da kika yi shekaru kina ajiyewa a wurin. Duhu ne ya ɓoye shi duk lokacin nan. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban samu yi ba ranar rasuwarki.

An ce za a shafe shi da farar ƙasa. Na buɗe baki in ce a bar mini shi, sai na san abin da za ki ce, ɗakin na masu naƙuda ne. Na ce a shafe.

Allah ya jiƙan ki, ya sada mu da alheri.

’Yarki mai surutu,
Hadiza